Man kare fata daga rana na yaro zabiya, wanne za mu saya a Jos?

Maman Abba: Salam 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara, yaron ƙanwata zabiya ne shekararsa 6, wuyansa da kunnuwansa duk sun yi jajir suna saɓa, kuma fa sanyi ake yanzu ba wani zafi ba, wane mai za mu saya masa?

Malamin Bayoloji: Wa alaikissalam Hajiya. Sanyin Jos ɗin nan shi ke yaudarar mutane, ba zafin ba ne ke ƙona fata, wani haske ne cikin rana da ido ba ya gani, UV. Gashi muna kan tudu wajen mita 1,200, kuma duk hawan mita 1,000 hasken na ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100. In UVB, wani nau'in wannan hasken, ya shiga ƙwayar fata sai ya manne harufan DNA (rubutun gado da ke cikin ƙwayar) biyu da ke kusa da juna, yawanci T da T, rubutun ya lanƙwashe. Jiki na da masu gyara, su yanke wurin su sake rubutawa, binciken wannan gyaran ne ya sa Baturke Aziz Sancar ya samu Nobel a 2015, amma in ɓarnar kullum ce sai wani kuskuren ya zarce, daga nan kansar fata ke somawa. Mu melanin, sinadarin da ke sa fatarmu baƙi, na tare mana wani kaso, shi yaron kusan babu.

Hajiya Babba: Ni dai man kaɗanya na sani tun kakanninmu

Anti Nas: Mama man kaɗanya laushi yake sawa, ba ya tare UV yadda ake buƙata wallahi. Maman Abba ki je kyamis babba ki nemi man kare rana mai SPF 50 (lambar ƙarfin kariyarsa ke nan), ki duba an rubuta UVA da UVB duka, nau'ikan hasken biyu, mai zinc ya fi dacewa da fatar yara, a shafa da yawa harda bayan kunne da leɓe, a ƙara duk bayan awa 2, ko da hadari ko hazo.

Baban Khalifa: Man nan tsada gare shi gaskiya. Malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu a kasuwar Taminus sun fi araha kuma ba sa ƙarewa, ku roƙi malamansa kar a tsayar da shi fili daga 10 zuwa 4.

Anti Nas: Haka ne Baba, a haɗa duka. In kuma akwai ƙurji ko ɓawon da ya ƙi warkewa kar ku jira, ku kai shi wajen likitan fata a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, JUTH.

Maman Abba: Akwai ɗaya kuwa a kunnen hagu, bari in kira ƙanwar tawa yanzu. Allah ya saka da alheri