Digirin Bayoloji a Amurka: Albashi da Bashin Karatu

A wata tattaunawa kan albashi da bashin karatu na masu digirin bayoloji a Amurka, abin da aka fi nanatawa shi ne, digirin farko na bayoloji shi kaɗai ba ya kawo albashi mai tsoka da wuri. Da yawa kan fara da aikin taimako a ɗakin gwaje-gwaje, kuɗin kuma ba ya kai na injiniya ko na mai karatun kwamfuta. Riba sai an ɗora da likitanci, haɗa magunguna ko digiri na biyu, wanda shi ma wani bashin ne.

Shi ya sa aka ce kafin ɗalibi ya sa hannu a takardar rance, ya leƙa College Scorecard, shafin intanet na Ma'aikatar Ilimin Amurka, ya ga albashi da bashin waɗanda suka gama kwas ɗin a jami'ar da yake son shiga. Kada bashin ya wuce albashin shekarar farko. Wannan shawarar ta fi kwanta mini.

Rancen gwamnatin tarayya ya fi na banki sauƙin sharaɗi, kodayake jimillar abin da ɗalibin da ke ƙarƙashin iyayensa zai iya ranta a digirin farko ba ta wuce dala 31,000. Mai aikin gwamnati kuwa ana iya yafe masa ragowar bayan biya 120 na wata-wata.

Wasu sun ce a fara shekara 2 a kwalejin al'umma (community college, ƙaramar kwaleji mai karatun shekara 2) kafin a koma jami'a, ta fi araha.