Barkwancin "gwamnati mai raino": dariya ce kawai ko da gaskiya a ciki?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Ɗana ya turo min wani zanen barkwanci: ƙaton mutum da gemunsa zaune, jami'in gwamnati na tsaye a kansa yana hura masa abinci a cokali kada ya ƙone baki. Na yi dariya, amma abin ya tsaya min a rai, don yaron da ya turo shi sai an tashe shi da safe, sai an tuna masa komai. Da gaske nake tambaya: gwamnati ce ke shiga sharo ba shanu, ko mu ne muka ajiye nauyin kanmu har ta ɗauka?

Ɗan Talaka:
Wa alaikumus salam Hajiya. Gwamnatin ce. A 2012 magajin garin New York, Michael Bloomberg, ya nemi hana sayar da lemon zaƙi a kofin da ya wuce kusan rabin lita a gidajen abinci da silima. Har hotonsa aka buga a jarida sanye da kayan mai raino. Mai son sha fa sai ya sayi kofi biyu, shi ke nan. A 2014 kotu ta soke dokar gaba ɗaya. Ni abin da ke ƙona min rai shi ne a ɗauki baligi kamar bai san cikinsa ba.

Nas Mai Dare:
Yayana, ka yi haƙuri, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Da Birtaniya ta wajabta ɗaura bel a kujerar gaban mota a 1983, haka wasu suka yi ta cewa an tauye musu 'yanci. A ɗakin gaggawa nake aiki. Na sha cire gilashi daga goshin wanda bai ɗaura ba, matarsa na bakin ƙofa tana kuka da goyo a baya. Wannan ba kansa kaɗai ya cutar ba.

Baba Tsohon Malami:
'Yata, ki lura da masu barkwancin su ma. Ronald Reagan, shugaban Amurka na lokacin, shi ne ya ce a 1986 babu maganar da ta kai ban tsoro irin "daga gwamnati nake, na zo in taimaka". Amma shi ɗin ne ya sa hannu a dokar 1984 da ta matsa wa jihohin Amurka su mayar da shekarun sayen giya 21, in ba haka ba a rage musu kuɗin gina hanya.

Batun ɗanki kuwa, Uwar Biyu, na koyar shekaru da yawa. Yaro ya faɗi jarrabawa, uban ya zo yana zagin hukuma, in ka tambaye shi yaushe rabon da ya buɗe littafin yaron sai ya yi shiru.

Uwar Biyu:
Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Nas, maganarki ta shige ni. Amma Ɗan Talaka, ina so ka amsa min: in mutum ya sha zaƙin har ciwon suga ya kama shi, asibitin wa zai nufa, kuma wa zai biya?