Katin inshorar uwa yana ɗaukar jariri, ko sai an yi masa nasa?

Sabon Uba:

Assalamu alaikum. Ina neman wanda ya san kan abin nan ya warware mini. Yau kwana tara da matata ta sauka, Allah Ya ba mu 'ya mace, haihuwar fari. Tun cikin yana wata uku take zuwa awo da katin inshorar lafiya na gwamnati, wanda na shiga ta wurin aiki na sa sunanta. Har aka haihu aka sallame mu, ba wanda ya ce mana uffan a kan jaririyar.

A kwana na huɗu kakarta ta lura idon yarinyar ya yi rawaya, ga shi ba ta kama nono sosai, sai barci. Muka koma asibiti, aka ɗibi jininta, likita ya ce shawara ce, a kwantar da ita a ƙarƙashin fitila. Na tafi teburin masu inshora da katin uwar. Matar da ke wurin ta juya shi gaba da baya ta ce, "Wannan ai na uwa ne, ina na yarinyar?" Na ce yarinyar da ko cibiyarta ba ta faɗi ba, ina ta ga kati? Ta ce ita dai ba ta ga sunanta a kwamfuta ba. Ban tsaya ja-in-ja ba, don 'yata na kwance tsirara a cikin shuɗin haske, an rufe mata ido da wani ɗan ƙyalle. Na biya daga aljihuna. Kwana uku muka yi.

Alhamdu lillahi ta warware. Shin da ma haka dokar take, ko rashin sani ne ya ci ni? Kuma kuɗin nan sun tafi ke nan?

Tsohuwar Ungozoma:

Wa alaikumus salam ɗana. Barka da arziki, Allah Ya raya, Ya ba mai jego lafiyar shayarwa. Ka gaishe mini da kakar nan, idonta ya yi aiki. Wajen shida cikin goma na jariran da suka cika wata tara suna yin shawara a makon farko, bakwaini kuma sun fi haka. Yawanci takan wuce da kanta, amma wadda ta zo da ƙin nono da yawan barci ba a zama da ita a gida, don idan ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa.

Ba ka faɗi ƙasar da kake ba, kuma kowace ƙasa da tata ƙa'idar. Amma na daɗe a ɗakin haihuwa, kuma abin da ya same ka na gan shi ba adadi. Tsare-tsare da yawa suna barin jariri ya raɓa da katin uwarsa na ɗan lokaci, domin kowa ya san ba a haihuwar yaro da kati a hannu. Matsalar ita ce raɓawar ba ta faruwa da kanta a kwamfuta. Sai wani ya sanar da hukumar inshora, ko kamfanin da ke tsakaninku da ita, cewa wance mai lamba kaza ta haihu ranar kaza. Wadda ke kan tebur abin da ta gani a allo shi take bi, kuma ba kowaccensu ce ta san akwai wannan dama ba. Da ka tambaye ni ran nan, da na ce ka nemi babban jami'in inshora na asibitin, ka sa a buɗe fayil da sunan "jaririyar wance" da lambar uwar, a nemi izinin kwantarwa daga can. Ko yaro bai samu suna ba ana yin haka.

Yanzu ga abin yi. Ka tattara rasit ɗinka duka, har na sirinji, da takardar sallama, da takardar da asibiti suka ba ku ta shaidar an haihu. Ka rubuta wa masu inshorar takardar neman a mayar maka da kuɗi, ka sa su buga hatimi a kan kwafinka. Maganar baka iska ce. Ba na yi maka alkawarin za su biya, amma idan ƙa'idarku ta ɗauki jariri daga ranar haihuwa, kana da hujja. Sannan kada ka bari makon nan ya fita ba ka yi wa yarinyar rajistar haihuwa ba, don kusan ko'ina wannan takardar ce za a fara tambayarka kafin a sa ta a kati.

Laifinmu ne ma har wa yau, mu masu awo. Mukan cika mata da bayanin kayan haihuwa da riga-kafi, mu manta da wannan, alhali kwana 28 na farko su ne mafi hatsari a rayuwar yaro.

Mai Fayil:

Hajiya ta gama magana. Zan ƙara ne kawai ga wanda yake Najeriya, tunda aikina ke nan, cike wa ma'aikata fom. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da aka sani da NHIS ta koma NHIA bayan dokar da shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022. A tsarin ma'aikata, katin yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. To a nan mutane ke faɗawa rami: wanda ya riga ya cike gurbi huɗu, na biyar ba ya shiga sai an biya masa daban a matsayin ƙari. Na sha ganin magidanci ya zo da fara'a da takardar jariri ya koma jiki a sanyaye. Wani kuma babban ɗansa ya haura 18, gurbi ya buɗe, bai sani ba. Kai da yake ta fari ce ba ka da wannan damuwar.

Takardar haihuwa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke bayarwa, doka kuma ta ce a yi rajista cikin kwana 60. Ka kai ta ofishin da ke kula da inshora a wurin aikinku, kuma ka riƙa bibiya, don daga miƙa fom zuwa fitowar suna a asibiti akan ɗauki lokaci.

Uwar Biyu:

A Gana abin a fili yake. Tun 2008 mai ciki take shiga inshorar ƙasa kyauta, jaririnta kuma yana amfani da katinta har kwana 90. Daga nan sai nasa. Ni da na haifi tagwaye na shagala da raino, sai da ɗayan ya yi zazzaɓi a wata na huɗu na tuna. A Nijar kuma na san tun 2006 gwamnati ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a asibitocinta, ba ruwansu da katin uwa.

Ɗan Ci-rani:

Ni a Amurka nake. Idan uwa tana cikin Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ranar da ta haihu, jaririn ya shiga ke nan har ya cika shekara ɗaya, ba sai an nemi sabon izini ba. Waɗanda samunsu ya ɗan haura kuma akwai CHIP, shirin inshorar lafiyar yara na gwamnati, tun 1997. Amma mai inshorar wurin aiki kwana 30 yake da su ya ƙara sunan jariri. Idan ya yi cikin lokaci, ana lissafawa tun daga ranar haihuwa, har kwanakin da yaron ya yi a kwalba. Idan ya makara, yana iya jira sai lokacin rajistar shekara ya zagayo. Malam Sabon Uba, tambaya biyu za ka yi wa masu inshorarka, su ba ka amsa a rubuce: kwana nawa nake da su, kuma daga wace rana za a fara lissafi?

Sabon Uba:

Allah Ya saka muku da alheri, musamman Mama Ungozoma. Da safe na koma asibitin na nemi babban jami'in kamar yadda kika ce. Bai ko yi gardama ba, ya ce da gare shi na zo ran nan da ba haka ba. Ya karɓi kwafin rasit, ya buga mini hatimi, ya ce in ba su lokaci. Rasit ɗaya na gwajin jini ya ɓata, na zazzage jakar uwar kaf ban gan shi ba, wannan kam na haƙura da shi.

An yi rajistar haihuwa, na kuma karɓo fom a ofis. Sai dai suna son ɗan ƙaramin hoto na fuskar yarinyar. Tun azahar muke fama, ni ina riƙe da waya, uwar tana tallabe da kai, ta ƙi buɗe ido. Mai Fayil, idan tana barci a hoton za su karɓa?