Motar kwana-kwana ta zo, ruwanta ya ƙare nan da nan: ina matsalar take, me kwamitin unguwa zai tanada?

Sakataren Kwamiti ya rubuta:

Assalamu alaikum. Hunturu ya kawo jiki, kwamitin unguwarmu a cikin birnin Kano yana so ya yi shirin gobara tun da wuri. Unguwa ce ta gidaje, da layin shaguna kamar 40, da Islamiyya guda, lungunan kuma matsattsu ne. Abin da jama'a suka fi faɗa a taro shi ne kiran 'yan kwana-kwana ɓata kati ne, ko su makara, ko su zo ruwansu ya ƙare kafin a je ko'ina. Masana, ina gaskiyar wannan magana? Da ɗan kuɗin da muka tara me ya kamata mu fara saya? Kuma ta wace hanya ake gayyato su su koyar da mutane?

Tsohon Ɗan Kwana-kwana ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Maganar ruwa lissafi ce kawai. Ɗauki mota mai tankin lita 4,000, wato jarka 160 irin ta mai kura. A ido ruwa ne mai yawa. To amma mesa guda ta kashe gobara tana fitar da lita 400 zuwa 500 a minti ɗaya. In aka buɗe biyu, kafin minti biyar tankin ya ƙwanƙwame. Mai kallo daga nesa sai ya rantse da rabin tanki suka zo, alhali a cike suka taso. Ruwan cikin mota na fara aiki ne, ana sa ran kafin ya ƙare an jona ta da wani ruwan. A garuruwan da famfunan gobara na bakin titi ke da ruwa, nan ake jonawa. Inda babu, dole motar ta koma ɗiba, wuta kuwa ba ta jiran kowa.

Don haka abin da ya fi komai amfani daga wajenku shi ne ku san inda ruwa yake. Ku zagaya ku rubuta: gidan wa ke da tankin ƙasa, lita nawa yake ci, masallacin da ke da rijiyar burtsatse da tankin sama, gidan burodi, wurin wankin mota, gidan fiyawata, kududdufin da bai ƙafe ba. Ku nemi izinin masu su tun yanzu, a san wa ke riƙe da makulli da dare. Motar tana iya zuƙo ruwa daga tankin ƙasa ko kududdufi, muddin za ta iya matsowa kusa kuma zurfin bai wuce mita bakwai ba. Burtsatse ita kaɗai ba ta isa, fitar ruwanta ya yi ƙanƙanta, abin da aka tara a tanki shi ne abin dogaro.

Makara kuma, yawancinta daga wajen kira take farawa. Ana fara ihu, a yi ta ɗauki-ba-daɗi da bokiti minti goma sha biyar, sai abin ya gagara sannan a tuna da waya, kowa kuma yana zaton wani ya riga ya kira. Ku kira tun ganin hayaƙi. In kun kashe kafin su iso ba laifi ba ne, za su duba silin su tabbatar babu wutar da ta ɓuya. Lambar 112 kyauta ce a duk layuka, amma ku je tashar 'yan kwana-kwana da ta fi kusa da ku ku karɓo lambarsu ta kai tsaye, a rubuta da fenti a bangon masallaci da bakin layin shaguna. Mai kira ya faɗi unguwa, da wata alama da kowa ya sani, da abin da ke ci (katifa ce, fetur ne, taransifoma ce), da ko akwai mutum a ciki. Kada ya kashe wayar, kuma a tura yaro mai babur bakin titi ya tarye su. "Bayan gidan mai unguwa" ba kwatance ba ne ga direban da ya taso daga wata shiyya.

Faɗin motar ya kai mita biyu da rabi, tana son hanya mai kusan mita huɗu. Ku ɗauki tef ku auna lungunanku. Inda ba za ta shiga ba, a san inda za ta tsaya, daga nan a ja mesa. Kowace mesa tsayinta mita 20 zuwa 30 ne, kuma duk wadda aka ƙara ƙarfin ruwan raguwa yake. Rumfar mai shayi, dakalin da aka fito da shi, tulin yashin gini, motar da aka jingine a kwana tun bara, su ne ke cin mintunan. Sai 'yan kallo. A ware matasa biyar ko shida da aikinsu kawai buɗe hanya da hana taka mesa. Masu jifan motar don ta makara kuwa, gilashin da suka fasa shi zai hana ta fita gobarar gobe.

Mai Wayarin ya amsa:

Ranka ya daɗe ka gama magana a kan ruwa. Abu guda zan sa a gabansa: kafin kowa ya watsa ko da kofi ɗaya, a yanke lantarki. A kashe babban makunni ko a zare fis na wajen mita, a kashe janareto, a kashe inbata. Gidan da ke da sola a yi hattara, farantan da ke kan kwano suna ci gaba da ba da wuta muddin akwai rana, ko da an kashe komai a ƙasa. A gaya wa 'yan kwana-kwana da zarar sun sauka, musamman in batirin litiyom ne, don shi yakan sake kamawa bayan an ɗauka ya mutu.

Gobarar shaguna yawanci da dare take tashi, kuma hanyarta kusan ɗaya ce. An ɗauke wuta da yamma, an rufe shago ba a kashe soket ba, an dawo da ita ƙarfe biyun dare. Ta kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 cikin dare ta tashi, ta cinye dubban shaguna kafin a shawo kanta. Shaguna 40 ɗinku a yi musu babban makunni guda a waje, cikin akwati, wanda mai gadi zai sauke in an tashi. Masu firiza a ja musu layinsu daban.

A duba kaurin waya, wato lambar da ake rubutawa a jikinta. Ta fitila 1.5, ta soket 2.5, ta na'urar sanyaya ɗaki 4, ta kukar lantarki 6. Abin da ake yawan tararwa shi ne an ja soket da 1.5 don arha, ko wayar da aka rubuta 2.5 a jikinta amma in ka feɗe ta gashin cikin bai kai ba. Filogi mai amfiya 13 iyakarsa wat 3,000. Hitar dafa ruwa ita kaɗai tana cin 1,000 zuwa 2,000, dutsen guga ma haka, ka haɗa su a ekstenshin ɗaya robar ta fara narkewa. Alamar tana bayyana tun kafin ranar: bakin soket ya yi baƙi, ka taɓa ka ji ɗumi, ko kana jin ƙaurin roba kamar warin kifi. Fis ɗin da ya ƙone aka ɗaure shi da zaren waya ya daina zama fis, yanzu wayar cikin silin ce za ta ƙone a madadinsa.

Hita a bokitin roba kuwa ita ce sarauniyar hunturu. An saka, an ɗauke wuta, an manta an fita, an dawo da wuta, ruwa ya ƙone, bokiti ya kama.

Malama Nas ta amsa:

Malam Sakatare, in za a yi taron nan a yi wa mata nasu zaman, a Islamiyya, a lokacin da za su samu zuwa. Da rana su da yara ne a gida, kuma kicin nasu ne.

Man suya in ya kama a kasko, ruwa ne babban kuskure. Yana nutsewa ƙarƙashin man, ya zama tururi nan take, lita guda ta koma kusan lita 1,700, ta watso man mai ci har silin. A kashe risho ko gas, a zura murfin tukunya ko faranti daga gefe a rufe, a bar shi rabin awa ba a leƙa ba. Kada a ɗauki kaskon a ce za a fita da shi tsakar gida, nan ake ƙona hannu da zani.

Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. In an shigo an ji warinsa, kada a kunna fitila, kada kuma a kashe wadda ke kunne, tartsatsin makunni ya isa. A rufe kan tukunyar gas ɗin, a buɗe ƙofa da taga, a fita a yi waya daga waje. Gwajin yoyo da ruwan sabulu ake yi, a shafa a wuyan tukunya da bakin tiyo, in ya yi kumfa akwai yoyo. Tiyon da ya fara tsattsagewa in an lanƙwasa shi a canza.

Ƙuna kuma: ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta kwarara minti 20 cur. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Tufar da ta manne a bar ta. Ban da ƙwai, man goge baki, manja, gishiri, ko baƙin mai, duk sai an kankare su a asibiti kuma mai ciwon ne zai sha azabar. A rufe da ƙyalle mai tsabta. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita girma, ko ta fuska, hannu, al'aura, ko kowace iri a jikin jariri, asibiti kai tsaye. Wadda hijabinta ya kama kada ta ruga, gudu hura wutar yake. Ta kwanta ta yi birgima, a lulluɓe ta da bargo ko darduma. Yadin roba narkewa yake ya liƙe a fata.

Kaskon turaren wuta a ƙarƙashin kaya ko cikin durowa, da garwashin jin ɗumi a ɗaki rufe, a yi maganarsu ƙarara. Na biyun ko bai kama komai ba iskarsa tana kashe mutum cikin barci, daidai da janareton da aka kunna a soro ko baranda.

Sakataren Kwamiti ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri. Saura batun saye. Wasu sun ce mu haɗa kuɗin mu sayi babbar tukunyar kashe gobara mai taya guda ɗaya, a ajiye a ofishin 'yan sintiri.

Tsohon Ɗan Kwana-kwana ya amsa:

Ban goyi bayan haka ba. Ranar da ake nemanta mai makulli ya tafi ƙauye. Ƙanana da yawa sun fi. Ku sayi mai hoda, kilo 6 ko 9, tambarinta shuɗi ne, tana kashe ta katako da yadi, ta fetur, da ta gas, kuma ba ta ɗaukar lantarki. A rataye su a waje a tsayin ƙugu, yadda babu shagon da zai yi tafiyar da ta wuce mita 25 kafin ya kai ga ɗaya. Mai iskar CO2, wadda ke da baƙin tambari da baki kamar kakaki, ta masu kwamfuta da kayan lantarki ce, ba ta ɓata kaya, amma kada a riƙe kakakin da hannu, sanyinsa yana ƙona fata, kuma a fili iska kwashe ta take.

Ku sani mai kilo 9 kamar daƙiƙa 20 kawai take yi tana feshi. Ta wutar da ba ta fi ƙarfin mutum ɗaya ba ce. A tsaya taku uku daga wutar, ƙofa tana bayanka, a zare fil, a saita gindin wutar ba harshenta ba, a matsa, a riƙa kaɗawa dama da hagu. In ta ƙare wutar na nan, a fita a ja ƙofa. Duk wata a duba allurar agogonta tana kan kore, a kifa ta a ji hodar ta zubo, don zama wuri ɗaya yana sa ta dunƙule. Duk shekara a kai ta a duba. Wadda aka ɗan fesa sau ɗaya don gwaji, iskarta za ta sulale cikin kwanaki, sai an sake cikawa. Kusa da kowace a ajiye bokitin yashi busasshe biyu, saboda masu sayar da fetur a galan.

Gayyata ba ta da wuya. Takarda ce zuwa ga daraktan hukumar kashe gobara ta jiha, da sa hannun mai unguwa, a faɗi wuri, rana, da adadin mutane. Suna da sashen wayar da kai, aikinsu ne zuwa makarantu da kasuwanni. Kada ku yarda a tsaya a lacca. Ku tanadi rabin duro, ɗan man dizal, da tukwanen kashe gobara biyu ko uku da za a ƙarar, kowane mai shago da mai gadi ya riƙa ya fesa da hannunsa. Ku roƙi su zo da motar, direban ya gwada shiga lungunan ya ga wuraren ruwan da kuka rubuta. A Islamiyya a buga ƙararrawa ba sanarwa, a duba minti nawa yara suka ɗauka kafin su taru a waje, malami ya kira suna daga rajista. Aji mai ƙofa ɗaya da ke buɗewa ciki, a juya ta.

A sa musu maganar tankar mai a jawabin matasa. Abin da ya faru a Majiya ta Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda tankar mai ta kife ta kama da wuta, sama da mutum 150 suka rasu, yawancinsu wajen kwasar fetur ne. Tururin fetur yana bin ƙasa da kwata ya yi nisa, salansar babur ta isa ta tayar da shi. Mita 300 shi ne mafi ƙarancin nisan tsayawa, kuma ta ɓangaren da iska ke tahowa. Rijiya ma aikin 'yan kwana-kwana ce: wanda ya faɗa, kada wani ya bi shi da igiya a ƙugu, sau da yawa babu iskar shaƙa a ƙasan, sai a ciro gawa biyu.

Mai Wayarin ya ƙara:

Kafin kuɗin ya ƙare a ware na mai walda. Tagogin da aka yi wa ƙarfen hana ɓarayi, a kowane gida a yanke na ɗakin kwana ɗaya a sa masa hinji da kwaɗo ta ciki. Makullin a rataye shi a ƙusa gefen tagar, ƙasa-ƙasa inda yaro ɗan shekara bakwai zai kai, don hayaƙi sama yake taruwa kuma da rarrafe za a iso wurin.