Lissafin shago a manhajar intanet: in saki jiki ko in riƙe littafina?

Mai Taki Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Ina sayar da taki da maganin feshi a Katsina, ƙanena kuma yana riƙe min shago a Malumfashi. Ana gab da damina aka kawo wuta da ƙarfi, kwamfutar shago ta ƙone, ta tafi da sunayen manoman da suka ɗauki yuriya bashi sai kaka. Kwana 3 ina tonon rasit a kwali, wasu ruwa ya cinye rubutun. Har yau akwai buhunan da ban san wanda ya ɗauka ba. Ɗana ya ce in koma manhajar da kamfani ke ajiye komai a wurinsa, ni in riƙa biya duk wata ina shiga ta waya. Hankalina bai kwanta ba. Sirrin kasuwata a hannun mutanen da ban taɓa gani ba?

Maman Atamfa Daura:
Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Ni da Google Sheets na fara, wato teburin lissafi na Google da ke kan intanet, ban biya ko sisi ba. Yarinyar shago ta sayar da turmi 2, ina gida ina gani. Kuma yana nuna wanda ya canza lamba da lokacin da ya canza, shi ya kashe mana musu.

Ɗan Funtuwa:
Alhaji, kada ka manta da Satumba 2021, lokacin da aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda tsaro, har da Malumfashi da mu. Watanni muka yi haka. Ka tambaya tukuna: manhajar tana aiki ba intanet, in layi ya dawo ta tura? Sannan ka nemi kamfani mai karɓar naira, ba dala ba. Farkon 2023 dala tana wajen 460 a banki, a 2024 ta haura 1,500.

Injiniya Ƙarami:
Baba, gyara da ajiyar kwafi aikin kamfani ne, amma makulli naka ne. Kowa ya samu nasa sunan shiga, ka kunna lambar tabbaci da ake turowa waya. Duk ƙarshen wata ka sauke lissafin a Excel ka ajiye a filash, domin in ka daina biya suna iya rufe maka.

Mai Taki Ƙofar Ƙaura:
Na gode ƙwarai. Littafin bashi dai zan riƙa rubuta shi da hannu. Injiniya, ana iya sa ƙanena ya ga kayan Malumfashi kawai, ban da farashin sarina?