Kwalin da na saro cikin kayan wasan yara ya jawo min magana a gari

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana. Ina da ɗan shago a wani ƙauye a ƙasar Ringim, kayan masarufi nake sayarwa, amma in Sallah ta gabato nakan shiga Kano in saro kayan wasan yara a Sabon Gari: balan-balan, bindigar ruwa, tabarau, agogon roba, 'yar tsana. A bana wanda nake sara a wurinsa ya haɗa min da wani kwali, ya ce na samari ne, yana tafiya. Ban buɗe ba sai da na iso gida. Lido ce da Whot, sai karta dozin biyu, kowane kati da hoton mace kusan tsirara, da wasu 'yan mutum-mutumin roba na 'yan matan katun, tufafin jikinsu bai kai hankici ba.

Ba zan ɓoye muku ba, na jera su a gefen fitilu, kuma suna tafiyar. Ribar karta ɗaya ta fi ta balan-balan ashirin. Sai shekaranjiya aka tsinci kati ɗaya a jakar wani yaro ɗan shekara tara a Islamiyya. A majalisar 'yan acaɓa ya tsinta, amma da aka matsa masa sai ya ce irin na shagona ne. Wallahi ban sayar wa yaro ba. Yanzu liman ya aiko in same shi gobe bayan Isha'i, matata kuma ta dawo daga gidan suna ko abinci ba ta ci ba. Kwalin bashi ne, ban biya ba. In mayar da su ƙarƙashin kanta in riƙa sayar wa manya kawai, ko yaya zan yi?

Maman Sadik: Malam, wa ake aikowa shagonka? Mu matan ƙauye muna cikin gida, yara ne ke sayo mana magi da sabulu. Tawa 'yar sai ta je shago sau biyar a yini, kuma ba ta barin idonta a gida. Kana miƙo mata canji, tana kallon gefen fitilun nan.

Alhajin Wudil: Tunda bashi ne ai Allah ya rufa maka asiri. Kar ka bi masu cewa ka ƙona, ba a ƙona kayan da ba a biya ba. Ƙirga abin da ya fita ka biya shi, sauran ka mayar a canza maka da motoci masu batir. Dila ba zai yarda ya rasa mai sara duk shekara kan kwali ɗaya ba. Batun ƙarƙashin kanta kuwa, a 2021 Hisbar Kano har mutum-mutumin da teloli ke rataya kaya ta hana, balle wannan. Jigawa ma akwai Hisba.

Malamin Firamare: A daina haɗa kayan nan a kwando ɗaya. A Turai da Amurka manya na sayen kayan wasa su ajiye don sha'awa, tun 2020 ma Lego, kamfanin kayan wasan da ake harhaɗawa, yake fitar da wasu da tambarin 18+, wato na 'yan shekara sha takwas zuwa sama, kuma ba batsa ba ce, wahalar haɗawa ce. Su ma can suna jayayya kan abin da ya dace yaro ya gani a shagon da aka buɗe dominsa, sai dai su suna da filin ware ɓangaren manya. Shagon ɗan'uwanmu taku nawa ne? Inda lidon take nan alewar take.

Abu Hafsa: 'Yar tsana ba laifi, ya tabbata Nana A'isha ta yi wasa da su a gidan Annabi (SAW). Kartar nan kuwa ba ta da mafita, ko ga babba ko ga yaro. Lido ma a yi hattara, akwai hadisi a Sahihu Muslim mai tsanani kan wasan nardu, wani tsohon wasa da ake yi da jefa ɗan lido, malamai da yawa kuma sun sa lido a ciki saboda ɗan lidon da ake jefawa.

Ɗan Gujungu: Haba Malam, ku bar mana lido da Whot! Bayan girbi me kuke so mu yi da yamma? Kartar dai a kwashe, ni ma na ganta hannun wani, sai da na kau da kai don ƙanina na tsaye a wurin.

Mai tambaya: Na gode. Na ƙirga yanzu, karta bakwai ta fita, mutum-mutumi biyu. Na san mutum biyar cikin waɗanda suka saya. Abin da ke damuna shi ne me zan ce wa liman, don shi ya raɗa wa ɗana suna.

Alhajin Wudil: Kar ka je masa da dogon bayani. Bi mutum biyar ɗin nan yau ka mayar musu da kuɗinsu, wanda ya ƙi ka ƙara masa da katin waya. Gobe ka ɗaure kwalin a bayan babur ka tafi da shi masallaci, liman ya gan shi a ɗaure da idonsa. Jibi ka bi motar asuba zuwa Kano.

Maman Sadik: Ka biya ta gidan su yaron ma. Na tabbata ya sha bulala a kan katin da bai ma san mene ne ba, ka kai masa ko bindigar ruwa ce.