Bitar zane ga matasa a dogon hutu: da me ake farawa?

Uwar_Ɗalibai: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ana shirin bitar zane ta mako biyu a dogon hutu, matasa 12 'yan shekara 13 zuwa 17, awa biyu da rabi kullum. Yawancinsu ba su taɓa riƙe buroshi ba. Wane kaya za a tanada, kuma yaya za a raba kwanakin? Fentin mai ya dace da su?

MaiGawayi: Wa alaikumus salam, Malama. Ki ajiye maganar fentin mai tukuna. Yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, sinadarin wanke buroshinsa kuma yana da ƙarfin wari, ba a sa yara 12 a ɗaki ɗaya da shi.

Kwana uku na farko ma kada a fito da kala ko kaɗan. Kowane yaro a ba shi fensir HB da 2B da 6B (lambobin taushin fensir ne, 6B ya fi taushi da duhu), da robar gogewa, da gawayin zane guda biyu, da takarda mai araha da yawa, wadda ba za a ji zafin ɓata ta ba. Matsalar masu wannan shekaru ba a hannu take ba. Abin da suka haddace suke zanawa maimakon abin da ke gabansu, in bai fito kamar hoto ba sai kunya ta kama su, su ce ba su iya ba. Maganinsa zane mai sauri: a ajiye takalmi ko kujera a tsakiya, a ba su minti ɗaya, a juya abin, a sake, kamar sau goma, babu gogewa. Bayan haka a rufe taga, a haska abin da fitila ɗaya daga gefe, su zana inuwar kawai da 6B. A nan ne yaro yake ganin abin ya taso daga takarda. Aikin gawayi yana gogewa, a riƙa sa farar takarda tsakanin kowane biyu kafin a tara su.

Alkalami_da_Kala: Na yarda da Malam, sai dai kwana uku ba kala ya yi yawa, wasu za su daina zuwa. Kwana biyu ya isa. Daga nan akirilik, wato fenti mai saurin bushewa da ake tsarmawa da ruwa, kala biyar kacal: ja, rawaya, shuɗi, fari, baƙi. Kore da ruwan goro da shunayya su haɗa da kansu, wannan ma darasin yini guda ne. In suka zuba ja da rawaya da shuɗi gaba ɗaya, ruwan ƙasa mai dauɗa ne zai fito, don haka a ce musu kala biyu a lokaci guda, kuma mai duhun ake ɗiga wa mai hasken kaɗan-kaɗan.

Akirilik yana bushewa cikin minti 10 zuwa 20, ya fi haka sauri in ana zafi ko fanka na kaɗawa. A matsa wa kowa kamar girman yatsa ɗaya a faranti, in ya ƙare a ƙara. Buroshi biyu ga kowane yaro, mai faɗi da mai tsini, da kwalbar ruwa biyu, ɗaya ta wanki ɗaya ta tsarma fenti. Abin da ke kashe buroshi shi ne fenti ya bushe a gindin gashinsa, ko a bar shi tsaye cikin ruwa gashin ya lanƙwashe. A ware minti 15 na ƙarshe don wanke su da sabulu, a kwantar su bushe. Kuma su zo da tsofaffin kaya, akirilik in ya bushe a riga ba ya fita.

In fentin ruwa za a yi, takarda mai kauri, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, ake so, a manne gefunanta huɗu a katako da salatif na takarda. Takardar firinta giram 80 ce, tana jin ruwa za ta kumbura ta yage.

Yumɓu_Zalla: In akwai aikin yumɓu, a yi shi a makon farko, kada a kai shi ƙarshe. Yumɓu mai bushewa a iska yana son kwana ɗaya zuwa uku kafin a shafa masa kala. Tsagewa tana zuwa ne idan wani sashe ya fi wani kauri, siririn ya riga mai kaurin bushewa. Kaurin ya zama ɗaya, kusan santimita ɗaya, babban abu kuma a yi masa rami a ciki. Wajen haɗa sashe biyu na abin da ake ginawa, kamar hannu da jiki, a karce fuskokin biyu, a shafa ruwan yumɓu, sannan a matse. A busar a inuwa, ana juyawa. Irin wannan yumɓun ba ya riƙe ruwa, kada wani ya yi kofi ya ce zai sha da shi.

Uwar_Ɗalibai: Allah Ya saka da alheri. To baje kolin ranar ƙarshe fa, wa zai zaɓi abin da za a rataye?

MaiGawayi: Su da kansu, kowa aiki biyu. Kada a yi gasa a ce wane ya zo na ɗaya wane na biyu, yaran da suka fi buƙatar bitar su ne za su karaya. A daina shafa fenti kwana ɗaya kafin nan, komai ya bushe kafin a rataye.